Shugaban Amurka da Yunƙurin Gyara Kundin Tsarin Mulki Kan Auren Jinsi: Tambayoyi da Amsoshi

Tsakanin 2002 da 2006 an yi ta kai ruwa rana a Majalisar Dokokin Amurka kan wani ƙuduri da ke neman a rubuta a cikin kundin tsarin mulkin ƙasar cewa aure na namiji da mace ne kaɗai. Shugaba George W. Bush ya fito fili ya mara wa ƙudurin baya, amma sau huɗu ana kaɗa ƙuri'a a kansa, sau huɗu yana shan kaye. Har yau masu bibiyar siyasar Amurka na tambayar yadda aka yi shugaba mai ci, wanda jam'iyyarsa ke riƙe da majalisun biyu, ya kasa kai abin gaci. Amsar tana cikin yadda aka tsara hanyar gyaran kundin tun asali.

Shugaban Amurka yana iya gyara kundin tsarin mulki da kansa, ko ya hana a gyara?

A'a, ko ɗaya daga ciki ba zai iya ba. Sashe na 5 na kundin, wanda ya shimfiɗa hanyar gyara, bai ambaci shugaban ƙasa ko sau ɗaya ba. Ba shi ke gabatar da ƙudurin ba, ba a kai masa ya rattaba hannu, kuma ba shi da damar hawa kujerar naƙi a kansa. Idan majalisa da jihohi suka cika ƙa'ida, gyaran ya shiga kundi ko yana so ko ba ya so. Idan suka gaza, duk jawabin da zai yi ba zai cike gibin ƙuri'a ɗaya ba.

To wace hanya ake bi?

Mataki biyu ne: gabatarwa da amincewa.

Gabatarwa na da ƙofa biyu. Ta farko, Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowacce ta amince da kashi biyu cikin uku. A nan mutane kan yi kuskure: ba lallai ne lissafin ya zama na dukkan kujeru ba. Kotun Ƙoli ta fayyace a 1920 cewa kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta ake nufi, muddin adadin da ake buƙata don zama ya cika. Idan kowa ya zo, ana neman sanatoci 67 cikin 100 da wakilai 290 cikin 435. Idan wasu ba su zo ba, adadin kan sauka kaɗan. Ƙofa ta biyu ita ce majalisun jihohi 34 su nemi a kira babban taron gyaran kundi. Ba a taɓa bin wannan ƙofar ba tun da aka kafa ƙasar.

Amincewa kuma sai jihohi 38 cikin 50 sun yarda, wato kashi uku cikin huɗu. Majalisar Dokokin tarayya ce ke zaɓar ko majalisun jihohi ne za su kaɗa ƙuri'ar, ko kuwa taruka na musamman da za a kira a kowace jiha. Sau ɗaya tak aka yi amfani da tarukan, a 1933, lokacin gyara na 21 da ya soke haramcin sayar da barasa. Ma'anar wannan lissafi ita ce jihohi 13 sun isa su kashe duk wani gyara, ko da kuwa su ne mafi ƙarancin jama'a.

An gabatar da shawarwarin gyara sama da 11,000 tun 1789. Guda 33 ne suka fita daga majalisa zuwa jihohi, 27 ne suka shiga kundi.

Ai kowace doka sai ta bi ta teburin shugaban ƙasa. Me ya sa wannan ta fita daban?

Tambaya ce mai tushe, domin wani ɓangare na Sashe na 1 ya ce duk ƙudurin da ke buƙatar amincewar majalisun biyu sai an miƙa wa shugaban ƙasa. Da wannan hujjar aka je Kotun Ƙoli a shari'ar Hollingsworth da jihar Virginia a 1798, inda lauyoyi suka ce gyara na 11 bai inganta ba tunda ba a kai wa shugaba ya sa hannu ba. Kotu ta yi watsi da hujjar. Mai shari'a Samuel Chase ya ce ikon naƙin shugaba ya tsaya ne ga dokoki na yau da kullum, ba ruwansa da gabatar da gyaran kundi ko amincewa da shi.

Akwai kuma dalili na hankali. Idan shugaba ya ƙi sa wa doka hannu, kashi biyu cikin uku na majalisun biyu ake buƙata a tsallake shi. Gyaran kundi kuwa tun farko ba ya fita sai ya samu wannan adadin. Kai masa takardar zai zama maimaita abin da aka riga aka gama.

Amma ai an ce Abraham Lincoln ya sa hannu a kan gyaran da ya haramta bauta?

Ya sa, ranar 1 ga Fabrairu 1865. Sai dai kwanaki kaɗan bayan haka Majalisar Dattawa ta zartar da matsaya cewa sa hannun ba dole ba ne, kuma kada a ɗauke shi abin koyi. James Buchanan ma ya sa hannu a kan wani ƙudurin gyara a 1861, wanda bai samu amincewar jihohi ba. Lyndon Johnson da Richard Nixon sun sa hannu a matsayin shaidu a bukukuwan tabbatar da wasu gyare-gyare. Duk waɗannan na ado ne da tarihi. Da ba su sa ba, babu abin da zai canja.

Idan majalisa ta amince, ina takardar take dosa?

Ba ta biyawa ta Fadar White House. Kai tsaye ake aika ainihin takardar zuwa ofishin da ke buga dokokin tarayya, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa. A can ake buga ta, a haɗa kwafi da bayanai, sannan shugaban hukumar ya aika wa gwamnan kowace jiha da wasiƙa. Gwamna ya miƙa wa majalisar jiharsa. Jihar da ta amince sai ta mayar da takardar shaida, jami'an ofishin su duba ko rubutun ya yi daidai da wanda majalisa ta zartar da kuma ko akwai sa hannun da ya dace. Idan takardu 38 suka cika, shugaban hukumar ya fitar da sanarwar tabbatarwa. Gyaran kansa yana fara aiki ne daga ranar da jiha ta 38 ta amince, sanarwar shaida ce kawai.

Abubuwan da kan kawo cikas a wannan mataki sanannu ne. Tun daga 1917 majalisa ta saba sanya wa'adin shekara 7. Wasu jihohi na buƙatar fiye da rinjaye mai sauƙi, kamar Illinois da ke neman kashi uku cikin biyar. In ban da Nebraska, kowace jiha majalisa biyu gare ta, don haka zaure ɗaya ya ƙi, jihar ta fita daga lissafi. Kuma jiha ba ta da ikon mayar da amincewar zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta jama'a, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a wata shari'a daga Ohio a 1920.

Ba akwai dokar 1996 da ta ce aure na namiji da mace ne ba? Me ya kawo neman gyaran kundi?

Akwai. Bayan Kotun Ƙolin jihar Hawaii ta yanke hukunci a 1993 da ya nuna alamar za a iya halatta auren jinsi a can, majalisa ta zartar da Dokar Kare Aure, wadda aka fi sani da DOMA, da ƙuri'a 342 da 67 a Majalisar Wakilai, 85 da 14 a ta Dattawa. Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu a Satumba 1996. Dokar ta yi abu biyu: ta ce a wajen gwamnatin tarayya aure na namiji da mace ne, ta kuma ba kowace jiha damar ƙin karɓar auren jinsi da aka ɗaura a wata jiha.

Matsalar masu goyon bayanta ita ce doka ce ta yau da kullum. Kotu na iya soke ta, wata majalisa na iya janye ta, kuma ba ta hana wata jiha halatta auren a cikin iyakarta ba. Ranar 18 ga Nuwamba 2003 kotun ƙolin jihar Massachusetts ta yanke cewa hana auren jinsi ya saɓa wa kundin jihar, ta ba da kwana 180 a gyara. A Fabrairu 2004 magajin garin San Francisco, Gavin Newsom, ya ba da umarnin fara ba da takardun aure ga masu jinsi ɗaya, aka ba da kimanin 4,000 kafin kotu ta dakatar, daga baya kuma ta soke su. Waɗannan abubuwa biyu ne suka ɗauke maganar gyara daga gefe suka kawo ta tsakiyar fili.

Wa ya kawo ƙudurin, kuma me ya ƙunsa?

Wanda ya fara gabatar da shi a 2002 ɗan jam'iyyar Democrat ne, Ronnie Shows daga Mississippi, abin da mutane da yawa ba su sani ba. A 2003 Marilyn Musgrave ta sake kawo shi a Majalisar Wakilai, Wayne Allard ya kai shi ta Dattawa, dukansu 'yan Republican daga Colorado.

Jimla biyu ce kacal. Ta farko ta ce aure a Amurka haɗuwar namiji da mace ne kaɗai. Ta biyu ta ce ba za a fassara kundin tarayya ko na wata jiha ta yadda zai wajabta ba da aure, ko haƙƙoƙin da ke tattare da shi, ga wata haɗuwa ta daban ba.

Jimla ta biyun ce ta ja rigima. Vermont ta riga ta ƙirƙiro wani tsarin zaman tare na doka a 2000, wanda ke ba da haƙƙoƙin ma'aurata ba tare da an kira shi aure ba. Rubutun 2003 ya haɗa har da dokokin jihohi a cikin abin da ba za a fassara haka ba, sai lauyoyi suka ce wannan zai iya rushe irin tsarin Vermont. A 2004 aka cire wannan ɓangare don a nuna majalisun jihohi na da 'yancin kafa irin wannan tsari idan sun ga dama, kotu ce dai ba za ta tilasta musu ba. Gyaran bai gamsar da kowa ba. Masu tsaurin ra'ayi suka ce an bar ƙofa a buɗe, 'yan adawa suka ce har yanzu kalmomin na da harshen damo. Rubutun da masu goyon bayansa ma ba su daidaita kan ma'anarsa ba da wuya ya tara sanatoci 67.

Mene ne takamaiman abin da Shugaba Bush ya yi?

A jawabinsa na shekara ga majalisa a Janairu 2004 ya yi hannunka-mai-sanda, ya ce idan alƙalai suka ci gaba da tilasta ra'ayinsu, ba abin da zai rage wa jama'a sai hanyar kundin tsarin mulki. Ranar 24 ga Fabrairu 2004 ya fito ɓaro-ɓaro daga Fadar White House ya yi kira ga majalisa ta zartar da gyaran cikin hanzari ta aika wa jihohi. Ya kafa hujja da abin da ya faru a Massachusetts da San Francisco, da kuma fargabar cewa kotu za ta iya rushe dokar 1996. Ya kuma ce a bar wa majalisun jihohi damar tsara wasu hanyoyin zaman tare da ba aure ba.

A Janairu 2005, bayan ya sake cin zaɓe, ya shaida wa jaridar Washington Post cewa sanatoci sun nuna ba za su motsa ba muddin dokar 1996 na nan daram. Ƙungiyoyin addini da suka yi masa aiki a zaɓe ba su ji daɗin wannan magana ba. A farkon Yuni 2006, ana gab da sake ƙuri'a, ya koma kan batun a jawabinsa na rediyo da wani taro da magoya bayan gyaran. Iyakar abin da ya yi ke nan, kuma iyakar abin da doka ta ba shi dama ke nan: kira, lallashi, da jawo hankalin jama'a.

Yaya ƙuri'un suka kaya?

Abin lura na farko shi ne Majalisar Dattawa ba ta taɓa kaɗa ƙuri'a a kan ainihin gyaran ba. A ƙa'idar zauren, idan wasu sanatoci suka toshe hanya da ja-in-ja, sai an samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a ci gaba. Ranar 14 ga Yuli 2004 aka gwada, aka samu 48 masu so, 50 masu ƙi. Sanatoci biyun da ba su kaɗa ba su ne John Kerry da John Edwards, waɗanda ke yaƙin neman kujerar Bush da mataimakinsa. 'Yan Republican shida suka bi sahun masu ƙi, cikinsu har da John McCain, Susan Collins da Olympia Snowe, 'yan Democrat uku kuma suka bi masu so. Wato ƙudurin da ke buƙatar 67 bai samu ko rabin zauren ba.

Majalisar Wakilai ta kaɗa tata ranar 30 ga Satumba 2004: 227 da 186. Rinjaye ne, amma ya gaza da ƙuri'a 49.

A 2006 'yan Republican na da kujeru 55 a Majalisar Dattawa, aka yi zaton lissafi zai gyaru. Ranar 7 ga Yuni aka samu 49 da 48, ƙarin ƙuri'a ɗaya tak. Ranar 18 ga Yuli wakilai suka ba da 236 da 187, gibin bai sauka ƙasa da 40 ba. An sake gabatar da irin wannan ƙuduri a shekarun da suka biyo baya, ciki har da 2013, amma bai ƙara kaiwa ga ƙuri'a a zaure ba.

Me ya hana shugaban jan dukkan 'yan jam'iyyarsa?

Yawancin waɗanda suka ƙi ba goyon bayan auren jinsi suke ba a lokacin. Hujjarsu ita ce aure al'amari ne na jihohi tun kafuwar ƙasar, kuma jam'iyyar da kullum ke wa'azin rage ikon tarayya bai kamata ta ƙwace wannan daga hannun jihohi ba. McCain ya tsaya a kan haka. Bob Barr, wanda shi ne ya gabatar da dokar 1996, ya yi adawa da gyaran saboda wannan dalili. Har mataimakin shugaban ƙasa, Dick Cheney, ya faɗa a bainar jama'a a Agusta 2004 cewa a ra'ayinsa a bar wa jihohi, ko da yake ya ce shugaba ne ke tsara manufar gwamnati.

Wasu kuma sun ce ba a taɓa kundi sai an rasa wata hanya, alhali a lokacin babu kotun da ta rushe dokar 1996. Sannan sanatan Amurka ba ya tsoron shugaban ƙasa irin yadda ake zato: wa'adinsa shekara 6 ne, masu zaɓen jiharsa ne ke riƙe da makomarsa, kuma shugaba ba shi da ikon hana shi tikiti.

Da ya tsallake majalisa, zai samu jihohi 38?

Da wuya. A 2004 jihohi 13 suka sanya haramcin a kundinsu, 11 daga ciki a ranar zaɓen Nuwamba. Kalifoniya ta bi sahu a 2008 da kimanin kashi 52 cikin 100. Zuwa 2012, lokacin da guguwar ta kai ƙololuwa, adadin ya tsaya a kusan 30, saura takwas a kai 38. Kuma waɗancan ƙuri'un na jama'a ne kai tsaye, alhali gyaran tarayya a zauren majalisun jihohi zai bi, inda shugaban zaure ɗaya ke iya danne takarda a kwamiti har wa'adi ya ƙare.

To idan an san ba zai wuce ba, me ya sa aka dage?

Masu goyon baya sun ce irin wannan yaƙi na dogon zango ne, kuma tilasta wa 'yan majalisa su bayyana matsayinsu shi kansa riba ne. Masu suka sun ce dabarar zaɓe ce don fito da masu ra'ayin addini rumfunan zaɓe, suna nuni da cewa duk ƙuri'un huɗu sun faɗo ne a shekarun zaɓe. Ana yawan kawo misalin Ohio, inda aka kaɗa ƙuri'ar haramci a rana ɗaya da zaɓen shugaban ƙasa, Bush kuma ya ci jihar da tazarar kimanin ƙuri'a 118,000. Masana siyasa sun rabu kan ko batun auren ne ya kawo wannan tazara. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne kiran shugaba ya mayar da ƙudurin da ke kwance a kwamiti ya zama babban batu na ƙasa, har shugabannin majalisa suka ware masa lokaci.

Ina ne ainihin ƙarfin shugaban ƙasa yake a wannan batu?

A wurare uku, kuma duk a wajen Sashe na 5 suke.

Na farko dokokin yau da kullum, inda alƙalaminsa ke aiki. Clinton ya sa wa dokar 1996 hannu, Joe Biden ya sa wa wadda ta soke ta hannu a 2022. A Yuli 2004 ma Majalisar Wakilai ta zartar da wani ƙuduri na hana kotunan tarayya sauraron ƙara kan wani ɓangare na dokar 1996. Da ya wuce Majalisar Dattawa, da ya je teburin Bush, amma a Majalisar Dattawan ya mutu.

Na biyu Ma'aikatar Shari'a. Ranar 23 ga Fabrairu 2011 ministan shari'a Eric Holder ya sanar cewa gwamnatin Barack Obama ta daina kare ɓangaren dokar 1996 da ya shafi ma'anar aure a gaban kotu, duk da cewa za ta ci gaba da aiki da shi har kotu ta yanke. Dole shugabannin Majalisar Wakilai suka ɗauki lauya da kansu. Shari'ar da ta kai ƙarshe ita ce ta Edith Windsor, wadda aka caje ta harajin gado na dala 363,053 saboda tarayya ba ta ɗauki aurenta a matsayin aure ba. Ranar 26 ga Yuni 2013 Kotun Ƙoli ta rushe wannan ɓangare da alƙalai 5 da 4.

Na uku, kuma mafi nauyi, naɗin alƙalai. Ranar 26 ga Yuni 2015, a shari'ar Obergefell, kotun ta yanke da 5 da 4 cewa gyara na 14, wanda ya tanadi daidaiton kowa a gaban doka, ya wajabta wa kowace jiha ba da takardar aure ga masu jinsi ɗaya. A cikin biyar ɗin, biyu Clinton ya naɗa su, biyu Obama, wanda ya rubuta hukuncin kuwa, Anthony Kennedy, Ronald Reagan ne ya naɗa shi. Alƙalai biyun da Bush ya naɗa, John Roberts da Samuel Alito, suna cikin masu ƙi. Kujera ɗaya da ta faɗa wani hannu daban, da hukuncin ya juya. Lamarin Kennedy kuma ya nuna cewa naɗi ba tabbas ba ne: alƙalin Kotun Ƙoli ba ya da wa'adi, da zarar ya zauna ba ya bin umarnin wanda ya kawo shi.

Shugaba zai iya soke hukuncin 2015 da umarni na ofishinsa?

Ba zai iya ba. Umarnin shugaban ƙasa na tafiyar da ma'aikatun tarayya ne, kuma yana ƙasa da doka, ballantana fassarar kundi da Kotun Ƙoli ta yi. Takardun aure ma jami'an jihohi da ƙananan hukumomi ne ke ba da su, ba ma'aikatansa ba. Hanya biyu ce kawai: ko kotun ta sauya matsayinta a wata sabuwar shari'a, ko a gyara kundi ta hanyar da aka bayyana a sama. A 2022, a hukuncin da ya soke 'yancin zubar da ciki na tarayya, mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa ya kamata a sake duba hukuncin 2015, amma babu alƙalin da ya sa hannu tare da shi a wannan rubutu. A Nuwamba 2025 kotun ta ƙi sauraron ƙarar Kim Davis, tsohuwar jami'ar ba da takardun aure a Kentucky, wadda ta nemi a soke hukuncin.

Shin shugaba na iya ayyana cewa wani gyara ya shiga kundi?

An gwada. Gyaran daidaita haƙƙin maza da mata ya fita daga majalisa a 1972, ya samu jihohi 35 kafin wa'adinsa ya cika, aka ƙara wa'adin zuwa 1982 ba tare da an samu ƙari ba. Jihohi uku suka amince daga baya, ta ƙarshe Virginia a 2020. Ranar 17 ga Janairu 2025, kwana uku kafin ya sauka, Biden ya ce a ganinsa gyaran ya zama doka. Hukumar adana takardu ba ta tabbatar da shi ba, tana kafa hujja da wa'adin, kuma har yanzu gyare-gyaren da ke rubuce a kundi 27 ne.

Me dokar 2022 ta tanada?

Majalisar Dattawa ta zartar da ita da 61 da 36, ta Wakilai da 258 da 169, Biden ya sa hannu ranar 13 ga Disamba 2022. Ta soke dokar 1996, ta wajabta wa tarayya da kowace jiha karɓar auren da aka ɗaura bisa doka a wata jiha. Ba ta tilasta wa jiha ta ɗaura auren da kanta ba, wannan yana rataye ne a kan hukuncin 2015. Ta kuma ce ba za a tilasta wa ƙungiyoyin addini ba da wurarensu ko hidimarsu don ɗaura auren da ya saɓa wa aƙidarsu ba. Ita ma doka ce ta yau da kullum, wata majalisa da wani shugaba na iya janye ta.

Haka abin yake a sauran ƙasashe?

Ko kusa. A Rasha kundin ya ba shugaban ƙasa ikon gabatar da gyara da kansa, kuma Vladimir Putin ya yi amfani da shi a 2020, inda cikin gyare-gyaren da aka kai ƙuri'ar jama'a har da wanda ya ce aure haɗuwar namiji da mace ne. A Yuganda majalisa ta sanya haramcin a kundi a 2005, Yoweri Museveni ya sa hannu. A Ireland jama'a ne suka halatta auren jinsi da kusan kashi 62 cikin 100 a Mayu 2015, shugaban ƙasa ya sa hannu daga baya, amma wajibi ne a kansa ba zaɓi ba. A Romaniya ƙuri'ar raba-gardama ta 2018 kan rubuta a kundi cewa aure na namiji da mace ne ta rushe saboda waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 da doka ta gindaya ba.

Masu karatu a Najeriya kan ɗauka tsarin Amurka irin nasu ne, tunda daga can aka kwaikwayo shi, amma a nan an rabu. Sashe na 9 na kundin 1999 na neman kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma a aikace ana kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu, musamman tun bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya a Legas a 2010. Goodluck Jonathan ya ƙi sa wa wani gyara hannu a 2015, Muhammadu Buhari ya sa wa guda 16 hannu a Maris 2023. Haramcin auren jinsi a Najeriya kuwa ba ta gyaran kundi ya zo ba, doka ce ta majalisa da Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014.

Ina makomar haramcin da jihohin Amurka suka rubuta a kundinsu?

Hukuncin 2015 ya hana aiki da su, amma bai goge su ba. Yawancinsu na nan a rubuce, kuma idan Kotun Ƙoli ta taɓa sauya matsayi, suna iya farfaɗowa. Saboda haka wasu jihohi suka fara cire su: Nevada a 2020, sai Kalifoniya da Colorado a 2024, a shekarar da Hawaii ita ma ta soke tanadinta na 1998 da ya ba majalisar jihar ikon taƙaita aure ga namiji da mace. Kowace jiha da ƙa'idarta. A Nevada sai majalisa ta amince a zama biyu a jere kafin a kai wa jama'a, a Kalifoniya kashi biyu cikin uku na majalisa sau ɗaya ya isa a sa batun a takardar zaɓe. Shugaban ƙasa ba shi da gurbi a ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai.